Malam Hagu na Sashen Gashi

Idan ka shiga sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Azare ka ce kana neman Najmuddeen, sai ma'aikata su tsaya kallon juna suna tambayar wane Najmuddeen. Amma ka ce Malam Hagu, kafin ka rufe baki an nuna maka ƙofarsa. Dogo ne siriri mai yawan dariya, irin mutanen nan da ba sa iya wuce mutum ba su tsokane shi ba. In ka lura da kyau za ka ga babban yatsansa na dama ba ya miƙewa sosai, sai dai ba ya hana shi komai. Sunan nan kuwa ba daga gida ya zo da shi ba. A asibitin ya samo shi, shekarar da ya zo koyon aiki yana ɗalibi.

Ɗan Katagum ne, ɗan Malam Yunusa malamin gona. A ɗakin kakarsa Hajja Hadiza ya tashi, kuma tun yana ƙarami shi ne mai yi mata tausa idan ƙafafunta sun yi tsami. Ranar da ya zo mata da labarin ya samu gurbi a jami'a zai karanta gashin ƙashi, tsohuwa ta ajiye carbi ta dube shi sama da ƙasa.

"Gashi? Shekara nawa?"

"Biyar, Hajja."

"Shekara biyar kana koyon gashi! Ga Sha'aban mai tsire can bakin tasha, a wata guda zai koya maka, har ka riƙa kawo mini ɗanɗano. Ni dai na yi asarar miji."

Ya yi bayani har bakinsa ya bushe, cewa wannan gashin na masu karaya ne da waɗanda jikinsu ya shanye, a yi ta motsa musu gaɓoɓi har su koma tafiya. Ta ce to ai tausa ke nan, kuma ita ta koya masa ba tare da ta sa shi sayen littafi ba.

A shekarar ƙarshe aka turo ajinsu Azare su koyi aiki a jikin marasa lafiya. Gaskiya yaron yana da hannu. Ya taɓa kafaɗar mutum sau ɗaya ya gane inda ta ɗaure, tsofaffi har rigima suke a ba su dogon nan. Matsalar ita ce ya san yana da hannun. In abokin karatunsa yana fama da gwiwar wani, sai ya zo ya tsaya a kansa yana tafa hannu yana cewa, "Matsa, ba a yi da ƙarfi, da basira ake yi." Abokan suna son sa, amma akwai ranakun da suke jin kamar su jefa shi ta taga.

Ana cikin haka yayarsa ta haihu, ya tafi Katagum suna. Shi ne ɗauko kujeru, shi ne rabon goro, shi ne riƙe rago, bai zauna ba sai da aka watse. Ranar Litinin bayan sallar asuba ya shiga motar Azare, kujerar baya, mutum huɗu a mazaunin mutum uku. Da wuri ya yi masa kaɗan sai ya ɗaga hannunsa na dama ya rataya a bayan kujera. Wani bawan Allah mai jiki ya jingina a kai, su biyun suka kama barci. Ba su farka ba sai a tashar Azare.

Ya zaro hannu ya ji shi kamar ba nasa ba. Ya yarfe, ya murza, ya ce jini ne bai sauka ba. Ya kai hannu zai ɗauki jaka, sai tafin ya langaɓe ƙasa tun daga wuyan hannu, yatsu suka ƙi miƙewa. Abin haushin shi ne ya san ciwon. Ya karanta shi, ya rubuta jarrabawa a kansa, har ya ci maki mai kyau. Nan bakin tasha ya tsaya, 'yan acaɓa suna ta yi masa magana, shi kuwa yana kallon hannunsa yana ba shi umarni, hannu ya yi kunnen ƙashi.

Likita ya tabbatar masa da abin da ya riga ya sani. Jijiyar da ke ɗaga hannu ce aka danne har ta suma. Za ta iya farfaɗowa cikin makonni, za ta iya ɗaukar watanni, babu mai rantsuwa. Aka ɗaure masa hannun a kan wata roba mai tauri don kada ya sandare a lanƙwashe, ya fito ya nufi ofishin shugabar sashe.

Madam Ya Gana ke nan. Iyayenta daga Borno suka zo suka zauna a Azare tun tana goye. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta sauke tabarau ta dube ka ta samansa, sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare. Ta juya hannun nasa ta duba, ta sa shi ya gwada ɗagawa, ta girgiza kai.

"Najmuddeen, aikinmu hannu ne. Ba zan sa ƙugun mutum a hannun da ba ya riƙe kofi ba. Ka koma gida ka huta, baɗi ka dawo tare da ƙannenku."

Baɗi! Ya hango kansa zaune a ƙofar gida a Katagum, 'yan ajinsa sun yi gaba, kowa ya wuce yana tambayarsa yaushe za a gama. Babansa ya riga ya gaya wa duk masallacin unguwa cewa bana ne. Ya durƙusa ya yi ta roƙo, wannan baki mai tsokana yau ya koma magiya. Daga ƙarshe Madam ta sassauto.

"To shi ke nan. Za ka zauna, amma ba ka ɗaga kowa sai ina wurin. Kuma majinyaci ɗaya zan ba ka, Alhaji Babayo na ɗakin maza. In ka tsayar da shi da ƙafarsa a gaban mai jarrabawa a ƙarshen zangon nan, ka gama da 'yan ajinka. In ba haka ba, sai baɗi, kuma kada ka sake zuwa mini da kuka."

Da ya ba abokansa labari, sai suka yi ta yi masa jaje. Wata Mas'uda ta ce ai gara ma ya tafi tasha tun yanzu ya kama kujerar gaba.

Kafin ma a kai ga Alhaji, rayuwa da hannu ɗaya ta fara gasa shi. Maɓallin riga ya zama aikin safiya guda. Mazagin wando sai da haƙori. Rubutunsa ya koma kamar kaza ta bi ta kan takarda. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan gaisuwa. A ƙasar nan namiji ba ya wuce namiji bai miƙa hannu ba, kuma ba a miƙa hagu. Sai ya riƙa ba mutane wuyan hannunsa na dama da robar a jiki, kamar mai fitowa daga wanke-wanke. In zai karɓi shayi, in zai miƙa biro, in zai ba ma'aikaciyar jinya almakashi, sai ya ce, "A yi haƙuri da hagu." Ya faɗa da safe, ya faɗa da rana, ya faɗa wa babba, ya faɗa wa yaro, har wata rana ya faɗa wa famfo. Mas'uda ce ta ji shi. Kafin la'asar duk sashen ya san Malam Hagu.

Ya kira Hajja a waya yana neman a tausaya masa, sai ya ji tsohuwa tana dariya har da tari.

"Ai da ma kai bahago ne! Ba a gaya maka ba? Ni na gyara ka. In za a ci tuwo sai in ɗaure hagun da ɗankwalina a bayanka, ka yi ta tsala ihu har ka haƙura."

"Hajja! Ashe ke ce kika cuce ni. To yanzu sai ki kwance."

"Na kwance. Je ka ci."

Ya yi dariya, kuma daga baya ya lura da gaskiyarta, don hagun ya fara kama abubuwa da sauri fiye da yadda ya zata. Sai dai cin da ta ce ya je ya yi, bai yi ba. Da can shi da abokansa a tire ɗaya suke sa hannu. Yanzu in an kawo abinci sai ya ce ya ƙoshi, ya koma ɗaki ya tura burodi da shayi shi kaɗai.

Alhaji Babayo kuwa dillalin shanu ne, asalinsa mutumin Shira, ya tsufa a kara, kasuwar shanu ta Azare. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi amma ana gane maganarsa, musamman in faɗa ne. Ranar farko Najmuddeen ya yi sallama, ya gaishe shi da ladabi, ya ɗauko 'yar ƙwallon roba ya miƙa masa da hagu. Tsoho ya dubi ƙwallon, ya dubi hannun, ya dubi fuskarsa.

"Yaro, gidanku babu manya?"

"Akwai, Alhaji. A yi haƙuri, na daman ne ya tafi hutu." Ya ɗaga masa hannun mai roba.

Alhaji ya juya wajen matarsa. "Sadiya, kin ga yadda asibitin nan suka raina ni? An rasa wanda za a haɗa ni da shi sai ɗan'uwana nakasasshe."

Inna Sadiya, dattijuwa mai haƙuri da ta tare a gefen gadon nan da tabarmarta da kwanukanta, ita ta ja shi waje ta warware masa zancen. Hannun Alhaji na hagu lafiyarsa lau, ƙarfinsa na nan, amma tun ranar da ya faɗi ya cusa shi ƙarƙashin bargo, ba ya fito da shi sai zai kama ruwa. Ba ya ci da shi. Ita ke ba shi a baki da cokali, shi kuma abin yana ƙona masa rai, ya karɓi kaɗan ya kau da kai. Ya hana kowa zuwa dubiya, har abokan sana'arsa, don kada wani ya miƙo hannu ya rasa abin da zai mayar.

"An kawo masa malami," in ji ta. "Ya gaya masa lalura ce, addini bai hana ba. Ya ce ya sani, shi ma ya yi karatu. Ka gane, ɗana, a kara in Alhaji ya kama hannun mai saye ya haɗa da na mai sayarwa ya ce Allah ya sa albarka, magana ta ƙare. Da hannun nan aka san shi. Yanzu a ce ya miƙa wa mutum hagu? Ya ce gara ya mutu a kwance."

Nan Najmuddeen ya gane irin ramin da Madam ta jefa shi. Sauran ɗalibai masu hannu biyu sukan taru su ciccibi tsohon kamar buhun gero, su tsayar, su mayar. Ba tsayuwa ba ce wannan, kuma ba ita za a nema a jarrabawa ba. Shi da yake da hannu ɗaya, hanya ɗaya ce gare shi. Ya tsaya a gaban Alhaji, ya tokare gwiwar da ta mutu da tasa gwiwar, ya saƙala damtsensa na dama a bayan tsohon, sannan su riƙe juna hagu da hagu, Alhaji ya yunƙura da kansa. Wato dai musabaha da hagu, abin da tsohon ya rantse ba zai yi ba.

Ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya zana masa ƙwaƙwalwa a takarda yana bayanin jijiyoyi, Alhaji ya ce zanen ya yi kama da tumbin akuya. Ya gwada lallashi, ya gwada barkwanci, ya gwada ɓata rai. Tsoho yakan bari a motsa masa ƙafa da hannun da suka shanye, yana kwance yana kallon silin, amma da an zo maganar tashi sai ya rufe ido ya ce barci yake ji. Makonni suna tafiya, Alhaji yana ƙara ramewa, ranar jarrabawa tana matsowa.

Wata rana bayan azahar Najmuddeen ya zagaya bayan sashe, ƙarƙashin wata bishiyar maina, ya kwance robar ya ɗora hannun a cinya. Ya tattara duk ƙarfinsa ya ce masa tashi. Ko motsi. Ya sake, ya sake. Sai tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda yake ta rufewa da dariya tun ranar tasha. In hannun nan bai dawo ba fa? Ba maganar baɗi ba ce ma, maganar duk abin da ya iya ne a duniya. Ya yi kuka sosai a wurin, ya share fuska da hannun riga, ya mayar da robar ya koma ɗakin maza.

Ya tarar Inna Sadiya ta buɗe kwano, tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya da kifi, tana bin Alhaji da cokali yana kau da kai. Ta ɗago ta dubi Najmuddeen da kyau.

"Kai ma fa ka rame. Wuyanka duk ya fito. Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Inna."

"Da wane hannun?" in ji Alhaji daga kan gado, bai ko juyo ba.

Najmuddeen ya dubi hagunsa. Ashe wa'azin da yake ta yi wa tsohon nan, shi ma bai ɗauka ba. Kunya ta rufe shi, sai kuma abin ya ba shi dariya. Ya ja kujera, ya wanke hagunsa a kwanon ruwa, ya ce, "Inna, miƙo tuwon nan. In Alhaji ba ya so, ni ina so."

Wanda bai taɓa cin miyar kuɓewa da hagu ba bai san wahala ba. Ya yanko loma ta yi girma, ya rage ta ta marmashe. Ya tsoma a miya, miya ta biyo hannu ta gangaro har gwiwar hannu. Kafin loma ta isa baki rabinta ta sauka a farar rigarsa ta aiki. Na gadon kusa ya fara dariya, mai jinyarsa ya kama. Najmuddeen ya ci gaba abinsa, yana ci yana santi.

Alhaji ya juyo. Ya yi kallo na ɗan lokaci, fuskarsa tana ƙara tamkewa, har ya kasa daurewa.

"Kai, wane irin ci ne wannan? Haka ake yankar loma a Katagum? Kana ɓata wa mutane tuwo!"

"Alhaji, hagu ne, ba ya jin magana."

"Hagun banza! Ba a cusa yatsu duka. Ka yanko da gefe, ka murza, ka yi masa rami da babban yatsa, miya ta zauna a ciki."

"Haka?"

"Ba haka ba! Wayyo ni. Sadiya, ja labulen nan."

Inna ta ja labule ya kewaye gadon. Sai ga hannu ya fito daga ƙarƙashin bargo, babba, mai kauri, duk jijiya. Ta yi maza ta tara masa ruwa ya wanke. Alhaji ya yanko tuwo, ya murza, ya yi rami, ya ɗebo miya ko ɗigo bai zuba ba, ya ɗaga yana nuna wa Najmuddeen.

"Ka gani?"

"Na gani. To yanzu ya za a yi da ita? Ba a mayar da loma kwano."

Tsoho ya dubi lomar, ya harari yaron, ya yi bismilla ya kai baki. Inna Sadiya ta juya baya tana gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara, tana share ido da gefen mayafi. Ranar sai da aka sake aikawa gida a ƙaro tuwo.

Daga nan abubuwa suka sauya, amma da sharaɗi: sai an ja labule. A bayan labule suke cin abincin rana tare, Alhaji yana gyara masa loma yana ba shi labarin shanu, yadda ake gane saniya mai ciki da sa mai taurin kai. A bayan labule, Madam Ya Gana tana tsaye a gefe, ya fara ba Najmuddeen hagunsa. Ranar farko ya ɗaga kaɗan ya koma. Bayan kwanaki ya miƙe tsaye yana rawar jiki, yana zagin gwiwarsa da Fulatanci. Daga baya aka kawo sanda mai ƙafa huɗu ya fara jan ƙafa daga gado zuwa bakin labule. Nan ne iyakarsa. Ko mai shara ya leƙo, hannu ya koma cikin bargo.

Najmuddeen bai taɓa gaya masa maganar jarrabawa ba. Yana ganin in tsohon ya ji an ɗora wani abu a kan tashinsa, zai ce an mayar da shi sa a kasuwa. Ya dai ce masa wani babban malami zai zo daga jami'a ya ga yadda suke aiki.

Ranar ta zo. Malamin ya ce ba a gado yake son gani ba, a kai majinyaci ɗakin motsa jiki inda akwai fili. Ɗakin nan kuwa babu labule ko ɗaya, ga manyan tagogi suna kallon baranda. Aka turo Alhaji a keken marasa lafiya, aka zaunar da shi a bakin gadon gwaji, aka ɗaura masa bel a ƙugu. Ya duba hagu da dama, ya ga daga malamin sai Madam sai Inna, ya ce to, a yi a gama.

Najmuddeen ya gama bayanin ciwon ke nan, ya gyara tsayuwa, sai aka ji sallama daga baranda, ba ta mutum ɗaya ba. Dillalan kara ne. Sun gaji da a ce musu Alhaji yana barci, suka haɗa kai suka zo ba sanarwa, aka ce musu yana ɗakin motsa jiki. Ga su nan da manyan riguna da sanduna, sun cika tagogi. A gabansu Malam Jalo, abokin Alhaji tun suna samari, wanda kullum suke faɗa a kan saniya su shirya a kan fura.

Madam ta fita ta roƙe su su ɗan ba da wuri. Suka ce to, ranki ya daɗe, suka ja da baya kaɗan, suka ci gaba da kallo. Dattawa ne, ba a kora su da tsawa.

Hannun Alhaji ya riga ya shige cikin aljihun rigarsa. Fuskarsa ta koma irin ta ranar farko. Najmuddeen yana tsaye a gabansa, gwiwa a jikin gwiwa, hagunsa a miƙe a iska, babu mai karɓa. Malamin jami'a ya dubi agogo.

Najmuddeen ya san in ya matsa, in ya ce Alhaji don Allah, wataƙila tsohon ya ba shi hannu don kunya. Amma ya dubi idon mutumin nan ya ga abin da shi ma ya ji a ƙarƙashin maina, sai ya ji ba zai iya ba. Ya sauke hannunsa, ya sunkuya daidai kunnensa.

"Alhaji, bari kawai. Mu koma ɗaki. Baɗi ma shekara ce."

Tsoho ya ɗago. "Baɗin me?"

Inna Sadiya ce ta amsa daga inda take, don Mas'uda ta daɗe da gaya mata. "Jarrabawarsa ce, Alhaji. In ba ka tashi ba, gida zai koma ya jira wata shekara."

Alhaji ya juyo wajen yaron. "Shi ne ba ka faɗa ba? Kullum kana cinye mini tuwo, ba ka faɗa ba?"

"Ba na so ka tashi don ni."

"To don wa zan tashi, don gwamna?" Ya zaro hannun daga aljihu, ya ɗaga shi sama yadda na baranda za su gani da kyau. "Kawo naka."

Hagu ya kama hagu. Najmuddeen ya tokare gwiwa, ya saƙala damtse, ya ce, "Bismilla, kawo kai gaba, tura ƙasa da ƙafa." Alhaji ya yi nishi ya yunƙura, ya miƙe tsaye cak. Daga baranda aka ɗauki kabbara. Aka ba shi sanda, Najmuddeen ya koma bayansa ya kama bel. Malamin ya nuna ƙarafan koyon tafiya ya ce a je can, amma Alhaji ya riga ya juya sandarsa wajen ƙofa.

Najmuddeen ya dubi Madam a tsorace. Ta sauke tabarau ta dube shi ta samansa.

"Me kake kallona? Ka gama da 'yan ajinka. Bi majinyacinka, kuma ka riƙe bel ɗin nan da kyau."

Ya bi shi, idonsa ya cika da hawaye har ba ya ganin ƙofar sosai. Alhaji yana jan ƙafa, yana dogara sanda, yana hutawa, har bakin baranda. Dillalai suka dare. Ya tsaya a gaban Malam Jalo, ya jingina da jikin Najmuddeen, ya saki sandar ta tsaya da ƙafafunta. Sannan ya miƙa hagunsa.

"Jalo, na daman ya tafi, ban san ranar dawowarsa ba. Ga abin da ya rage. In za ka karɓa, karɓi."

Malam Jalo ya jefar da sandarsa a ƙasa. Ya kama hannun da hannayensa biyu, ya riƙe gam. Sauran suka jeru a bayansa, kowa yana goge tafinsa a riga yana jiran a zo kansa.